Gwangwanin Injiniya

Mai Hoto ta miƙa gwangwanin ta bakin ƙofa, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya karɓa da hannu ɗaya, nauyin ya rinjaye shi har sai da ya tallafa da gwiwa.

"Kai! Mama, duwatsu ne a ciki?"

"Da duwatsu ne ai da na yi gini da su. Tarkacen maigidana ne. Ɗauki ka tafi, kada ka waiwayo."

"Nawa zan bayar?"

"Ni ce ma ya kamata in biya ka. Tura kurarka."

Ya jefa shi cikin kura a kan wani mataccen risho. Ta tsaya tana sauraren ƙarar ƙarafan har ya sha kwana, sannan ta kakkaɓe hannuwa kamar wadda ta gama shara.

Gwangwanin biskit ne babba, wanda hoton jikinsa ya daɗe da gogewa. Kusan shekara talatin yana zaune a ƙarƙashin teburin falo, kuma duk tsawon shekarun nan suna faɗa a kansa. A ciki akwai ƙusoshi lanƙwasassu, da makullan da ƙofofinsu suka riga mu gidan gaskiya, da maɓallan rediyo, da notina marasa abokan aure. Duk abin da mijinta ya kwance a gidan, gawar tana ƙarewa a ciki. Shi dai akawu ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya, amma unguwa kaf Injiniya ake kiransa, saboda bai taɓa fita ba tare da sukudireba a aljihun gaba ba. In ta ce a zubar, sai ya ce wata rana za a nema. Ba a taɓa nema ba.

Yau yana asibitin ido, inda layi ba ya ƙarewa kafin azahar. Ita kuma ta dawo daga karɓo sauran hotuna, ta yi tuntuɓe da gwangwanin, sai ga muryar mai ƙarafa a titi. Ta ga abin ya haɗu da kansa.

Ta shiga ɗakin gaba, inda take aikinta. Tun farkon zango take bin ɗaliban wata makaranta da kyamara, a aji, a filin wasa, a ɗakin gwaji. Gobe da safe za a yaye su, za a haska bidiyon a gaban iyaye, kuma ta yi wa shugabar makarantar alkawarin kai mata kafin a rufe ofis yau. Abin da ya rage kaɗan ne, ta jera hotunan ƙarshe, ta bar kwamfuta ta haɗa.

Sai ta ga an lulluɓe akwatin kwamfutar da sabon tawul, an ɗora wani ɗan kwali a kai. Kwalin ba komai a ciki.

Ta danna maɓalli. Fanka ta tashi tana juyi da ƙwazo, ƙaramar fitila ta kama. Sikirin kuwa baƙi ƙirin. Ta kashe, ta kunna. Ta cire waya, ta mayar. Ta ɗan doki akwatin a gefe, kamar yadda duk mai hankali yake yi in ba kowa a ɗaki. Shiru.

Ta kira shi.

"Darakta!" Haka Injiniya yake kiranta in yana jin daɗin kansa. "Kin gani? Yaya gudu? Kamar jirgi, ko?"

"Malam, me ka yi wa kwamfutata?"

"Ƙwaƙwalwa na canza mata. Firosesa sabo dal. Ba kullum kike cewa kafin ta haɗa bidiyo har ki yi wanki ki shanya ba? To na gaji da jin kukanki."

"Ba ta kawo hoto."

A bayansa tana jin ana kiran lambobi.

"Ba zai yiwu ba. Na duba lambar gurbin da ke kan madabod, na duba ta jikin kwali, iri ɗaya ce. Ya zauna daram, ko turawa ban yi ba."

"Ka gwada ta?"

"An ɗauke wuta lokacin."

"Injiniya."

"Kada ki taɓa komai, ina dawowa. Sun ɗiga mini magani, yanzu ke kanki ba zan gane ki ba, amma da ya sake ni..."

Ta kashe wayar. Ta naɗe akwatin da tawul ɗin, ta rungume shi kamar yaro mai zazzaɓi, ta fita neman mota.

A bas kwandasta ya ce akwatin zai biya kujera. Ta ce a kan cinyarta yake, in yana son kuɗin cinya sai ya fara da matar baya mai 'ya'ya uku. Fasinjoji suka yi dariya, ya ƙyale ta.

Shagon mai gyaranta yana hawa na biyu a kasuwar kayan lantarki, tsakanin mai sayar da caja da mai liƙa gilashin waya. Mutum ne mai tumbi da haƙuri, wanda yake magana da kwamfuta fiye da yadda yake magana da mutane. Ya kwance murfin, ya cire fanka, ya goge man nan mai launin toka da aka shafa, wanda Injiniya ya lafta kamar yana yi wa bango filasta. Ya karanta rubutun jikin firosesan, ya karanta na madabod, wato babban farantin da komai ke zaune a kansa. Ya duba wayarsa.

"Anti, Baba bai yi kuskuren saye ba. Kaya mai kyau ne, kuma wannan madabod ɗin yana ɗaukarsa."

"To me ya hana shi ɗauka? Kunya?"

"Bai san shi ba ne. An ƙera madabod ɗin kafin a ƙera wannan firosesan. Akwai wata 'yar manhaja a jikinsa, bayos, ita ce mai gadin ƙofa. Wanda ba ta sani ba, ba ta buɗe masa. Sai an sabunta ta tukuna."

"Sabunta ta."

"Sai kwamfutar tana kunne."

"Kunna ta."

"Ba za ta kunnu da sabon ba. Sai an mayar da tsohon, a kunna, a sabunta, sannan a cire shi a sa sabon." Ya miƙa mata tafin hannu. "Kawo tsohon, yanzu-yanzu mu gama."

Mai Hoto ta kalli tafin hannun. Ta kalli silin. Ashe ko a cikin ƙarfe, sabo ba ya shiga gida sai tsoho ya gabatar da shi. Masu talla ba sa rubuta wannan a jikin kwali.

"Kai ba ka da irinsa? Ka ara mini."

Ya jawo aljihun tebur, ya zazzage kwali biyu. Ya leƙa waje ya yi wa maƙwabta magana. Aka kawo ɗaya, ba irin gurbin ba ne. Aka kawo wani, ya ƙone. Wani ya ce yana da shi a makon jiya, ya ba masu narka ƙarfe.

"Irin wannan kowa ya zubar, Anti. Wa zai ajiye tsohon kaya yana cin wuri?"

"Haka ne," in ji ta a hankali. "Wa zai ajiye."

"Ko in ciro faifan da aikinki ke ciki in sa a wata kwamfutar? Amma manhajar da kike haɗa bidiyo da ita a ɗaure take da wannan. Kafin mu kwance wannan rigimar, gobe ta yi."

Wayarta ta yi ƙara. Shugabar makaranta ce, da muryar nan ta masu tambayar da suka riga suka san amsar da suke so. Mai Hoto ta ce komai na tafiya daidai, saura ƙiris.

Ta san inda tsohon yake. Duk abin da Injiniya ya kwance, wuri ɗaya yake zuwa. Kuma ta san in ta kira shi ta ce ina tsohon, zai ce yana gwangwani, ta ce gwangwani ya tafi, shi kuma ba zai yi faɗa ba. Da ma faɗa zai yi, da sauƙi. Zai ce, "Kin gani?" a hankali, da tausayi. Zai faɗa a gaban 'ya'ya, zai faɗa a gaban surukai, jikoki za su gaje shi.

"Riƙe mini ita," ta ce wa mai gyara. "Na manta shi a gida."

Masu kura duk wuri ɗaya suke kai kaya, wani fili a bayan tashar manyan motoci. Ta tambayi hanya sau biyu, na ukun hancinta ne ya kai ta. Tsaunukan ƙarfe ne ko'ina, gadaje, ƙofofin mota, tukwanen da suka huje, firjin da aka farke wa ciki. A tsakiya wani dattijo yana zaune kusa da babban sikeli, da fankar hannu, kamar alƙali.

Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon takalminta.

"Baiwar Allah, sayarwa ko saye?"

"Nema. Wani mai kura ya karɓi gwangwanin biskit a gidana da safe. Dogo ne, da jar hula."

"Dukansu dogaye ne, yunwa ce. Me ke ciki? Zinariya?"

"Ƙusoshi."

Ya daina fifita.

"Ƙusoshi kika biyo har nan?"

"Na maigidana ne."

"Af! Bai sani ba ke nan." Ya juya ya ƙwala kira. "Kai, mai jar hula! Zo, ka kashe aure!"

Mai jar hula ya fito daga bayan wata matacciyar mota yana goge hannu a wando. Da ya gan ta sai ya ja da baya.

"Mama, ke kika ce kada in waiwayo."

"Ni na waiwayo. Ina yake?"

Gwangwanin yana nan, amma an riga an juye shi. Ya nuna mata wani tudu na ƙananan ƙarafa da ake tarawa kafin a auna, kayan gidaje da yawa a cakuɗe. Mai Hoto ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tsuguna.

Abin da ya ba ta haushi shi ne ta gane su. Ba ta taɓa sanin ta haddace tarkacen nan ba. Ga makullin tsohon gidan haya. Ga hannun tukunyar da ta ƙone ranar da ta tsaya kallon faɗan maƙwabta. Ga ƙafar gilashin Injiniya na farko. Tana tsinta tana jefawa a gwangwani, mai jar hula yana taya ta, yana ɗago abu yana tambaya.

"Wannan naku ne?"

"A'a. Mu ba mu taɓa mallakar keke ba."

"Wannan fa?"

"Namu ne. Kawo."

"Me ake yi da shi?"

"Ba a yin komai da shi. Kawo."

Ta kwatanta masa abin da take nema, ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin akwatin ashana ba, bayansa kamar an yayyafa ruwan zinariya. Dattijon sikeli ya ce in da irin wannan ya shigo da shi ya fara gani, don dabam ake ware su. Mai jar hula ya rantse, ya zazzage aljihunsa, har ya cire hular ya girgiza. Suka tone tudun har ƙasa. Gwangwani ya cika, ya ma fi da nauyi, don ta tabbata wasu notinan na wani gidan ne. Firosesa babu.

Ta miƙe, bayanta ya yi ƙara. Inuwa ta fara tsawo. Hannayenta jajaye da tsatsa, wayarta kuma na nuna shugabar makaranta ta sake kira. Ta tuna yarinyar nan mai in'ina da ta yi kwana da kwanaki tana bita kafin ta tsaya gaban kyamara ta faɗi jimla ɗaya tak ba tare da ta tsaya ba. Gobe uwarta za ta zauna a zaure tana jiran ta ga wannan jimlar.

To, a ce "kin gani". Ba a taɓa kwantar da mutum a asibiti don an ce masa kin gani ba.

Ta kira shi.

"Malam, ka saurare ni har in gama. Mai gyara ya ce sai da tsohon firosesan. Ina so in gaya maka cewa..."

"Tsohon? Ai yana nan. Yanzu na shigo gida. Kina shagon? Ga ni nan zuwa da shi."

"Yana nan ina?"

"Yana nan dai. Wace ƙara ce nake ji a bayanki, kamar ana rushe gida?"

"Kasuwa ce," in ji ta.

Ta riga shi isa shagon da ƙyar. Ba ta da inda za ta kai gwangwanin, sai ta zauna a kan benci ta ɗora shi a cinya ta rufe da mayafi. Mai gyara ya kalli tudun, ya kalli hannayenta, ya koma yana magana da wata kwamfutar.

Injiniya ya hawo bene yana laluben bango, da baƙin gilashin roba da asibiti suka ba shi. A hannunsa akwai kofin shayi na tangaran, fari mai bakin zinariya, an toshe bakinsa da auduga. Ya ajiye a teburin mai gyara, ya cire audugar. Ga tsohon firosesa a kwance kamar ƙwai.

Mai Hoto ta san kofin. Saitinta ne, wanda ke cikin kwali a saman kabad, wanda ta ajiye don manyan baƙi. Baƙi sun zo sun tafi shekara da shekaru, ba a taɓa samun wanda girmansa ya kai a sauko da kwalin ba.

"Malam. Kofina ne wannan?"

"Na manyan baƙi, e."

"Me ya kai abinka ciki?"

"Nan nake ajiye duk abin da nake so ya tsira. A gidan nan kaf, shi kaɗai ne wurin da ba kya taɓawa."

"Tun yaushe?"

"Tun auta tana rarrafe."

Ta motsa don ta miƙe, gwangwanin ya yi kacau a ƙarƙashin mayafi. Ta koma ta zauna da sauri, ya sake yin kacau. Injiniya ya karkata kai.

"Darakta, ido aka ɗiga wa magani, ba kunne ba. Na san wannan muryar."

Mai gyara ya sunkuyar da kai cikin akwatin kwamfuta, kafaɗunsa na rawa.

"Yawo na fito da shi," in ji ta. "Ya daɗe bai sha iska ba."

"Har da warin man juye ya sha." Ya zauna kusa da ita a bencin. "Da kin bar musu. Babu abin kirki a ciki."

"Kai da bakinka?"

"Ni ma na sani mana. Amma in babu shi a ƙarƙashin tebur, idonki zai fara yawo a gidan, wata rana ya hau saman kabad."

Ta buɗe baki.

"Anti, Baba, ku yi addu'a kada a ɗauke wuta," in ji mai gyara. Ya riga ya mayar da tsohon, sikirin ya kawo haske, ya soka filashin da ke ɗauke da sabuwar manhajar. "In ta ɗauke ana tsakiyar wannan, madabod ɗin ya zama faranti."

Wani ɗan layi ya bayyana yana cika a hankali. Su uku suka zuba masa ido, har da wanda ba ya gani. Kwan fitilar shagon ya yi ƙifta sau ɗaya, Mai Hoto ta damƙe hannun rigar mijinta, ta bar masa shatin tsatsa. Layin ya cika. Kwamfutar ta mutu, ta tashi da kanta.

Mai gyara ya kashe ta, ya ciro tsohon, ya zaunar da sabon, ya ɗiga man toka ɗan kaɗan.

"Baba, kamar ƙwayar wake ake sawa."

"Na ga kamar ba zai isa ba."

Ya ɗaura fanka, ya danna maɓalli. Fanka ta juya. Baƙi. Baƙi. Sai ga tambari, sai ga hoton jikarsu da ke kan sikirin tana dariya da giɓi.

A nan teburin mai gyara ta jera hotunan ƙarshe, da hannayen da ta goge da tawul. Ta sa kwamfutar ta haɗa. Abin da kan ɗauki tsawon wanki da shanya, kafin mai shayin ƙasan bene ya hawo musu da kofuna ya kusa rabi. Ta kira shugabar makaranta ta ce a jira ta, tana hanya.

"Yaya gudu?" in ji Injiniya, yana kallon wajen da yake zaton sikirin yake.

"Ba laifi."

"Kamar jirgi?"

"Na ce ba laifi."

Mai gyara ya ɗaga tsohon firosesan tsakanin yatsu biyu.

"Wannan fa? Ya gama aikinsa. In jefa a kwalina?"

Injiniya ya miƙa hannu, amma ya miƙa gefen da ba shi ba. Mai Hoto ta karɓe. Ta juya shi, ta kalli bayan nan mai ruwan zinariya, ta mayar da shi cikin kofin, ta toshe da audugar.

"Kofuna nawa ka cika mini da tarkace?"

Ya yi ɗan tari.

"Har da butar shayin?"

"Malam."

"Akwai sauran biyu da ba komai a ciki."

Ta buɗe jakarta, ta yi wa kofin wuri a tsakanin kyamara da gilashinta, ta ja zif a hankali.

"Kada ka taɓa su," ta ce. "Ni ma ina da abin da zan sa a ciki."